Ɗakin ya yi wa babban inji kaɗan, ya zan goge daɓen katakon?

Tambaya: Salam Malam. Na kama tsohon gida, akwai wani ɗan ɗaki mita 2 da 3 mai daɓen katako, banish ɗin duk ya ɓaɓɓake ya yi baƙi. Ina so in goge in sake shafawa amma an ce babban injin goge daɓe ba zai juya a ciki ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya aka faɗa maka, kuma ko ya shiga ban so ka taɓa shi, in ka tsaya da shi wuri ɗaya na ɗan lokaci sai ya yi maka rami a katakon. Nemi ƙaramin injin hannu mai zagaye, ya ishe ka, sai dai gwiwa za ta ji jiki.

Amma fara duba ko katako ne na gaske har ƙasa, don akwai wanda hoton itace ne kawai aka manna a sama, wannan in ka goge ka lalata shi. Sannan ka bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya ka nutsar da kawunansu, in ba haka ba za su yi ta yaga maka samfefa.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne lambar samfefa, wato lambar da ke nuna kaushinta, ƙaramar lamba ta fi kaushi. Fara da 40 ta cinye tsohon banish, sai 60, sai 80, ka ƙare da 100 ko 120. Kar ka yi tsalle daga 40 zuwa 120 wai don sauri, kowace lamba aikinta share karcen da ta baya ta bari ne, kuma karcen nan ba ka ganinsa sai ka shafa banish ya fito ɓaro-ɓaro lokacin ba yadda za ka yi. Ni nakan zana fensir a daɓen duka, in zanen ya ɓace na san na bi wurin. Kar ka danna injin, nauyinsa ya isa. Lungu-lungu kuma da hannu, kana bin tsawon katakon ba a gicciye ba.

Ƙura fa a ƙaramin ɗaki ba wasa ba ce. Sa takunkumi mai kyau, toshe ƙofa da leda da salatif, buɗe taga, ka share tas duk lokacin da za ka canja lamba. In fenti ne tsoho a ƙasan ka dakata a gwada shi tukuna, yana iya zama da gubar dalma.

Ranar shafa banish ka fara daga can ciki ka ƙare a bakin ƙofa. In lokacin hunturu ne, ƙurar waje za ta manne a kai kafin ya bushe, gara ka sa labule mai kauri a tagar.