Gwajin Ƙwayoyin Gado Na Garkuwar Jiki: Likita Ya Amsa

Wata uwa daga Tibiri: Likita, ɗana yana da sikila, an ce kafin dashen ɓargo sai an gwada ƴan'uwansa. Ba shi ne gwajin AA da AS da muka yi ba?

A'a Hajiya, daban suke. Wancan gadon sikila yake nunawa. Wannan kuwa HLA ake nema, alamomin da garkuwar jiki ke bambanta nata da baƙo da su, ƙwayoyin gadonsu suna kan kuromozom na 6, ɗaya daga cikin ƙunshin gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki. Yaro na gadon rabi wajen uwa, rabi wajen uba, don haka kowane shaƙiƙinsa damarsa ta dacewa gaba ɗaya 1 ce cikin 4. Ƴan uba da wuya su dace, a fara da ƴan ɗakinki.

Jini mililita 2 zuwa 5 ya isa, a kwalba mai murfi shunayya, mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa. Mai koren murfi wani sinadarin ne a cikinta, hefarin, yana hana PCR aiki, wato hanyar ninka ƙwayoyin gado don a gwada su. In za a aika jinin nesa a zafin Afrilu, a sa shi cikin kula mai ƙanƙara. Kuma in an ƙara wa yaron jini kwanan nan, ki faɗa, a goga auduga a cikin kumatunsa a gwada da ita.

Wani ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Wace hanyar gwajin HLA ta fi dacewa in ana kwatanta al'ummomi?

Malam, hanyar PCR-SSP, wani nau'in PCR, na ba da amsa cikin awoyi kaɗan, amma sau da yawa dangin ƙwayar kawai take nunawa. Hanyar NGS ke karanta jerin ƙwayar gadon harafi bayan harafi, ita nake ba ka shawara. Ka yi hattara da hanyar da ke ƙiyasta HLA daga alamomin da ke kusa da ita: yawancin bayanan da aka gina ta a kai na Turawa ne, mu kuwa mutanen Afirka mun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado, sai ƙiyasin ya kauce. Nau'in HLA da ƙiyasin ke tsallakewa zai iya zama shi ne abin nema. A Gambiya, a 1991, an gano HLA-B53 na da alaƙa da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Wani magidanci daga Madarunfa: An ce fararen ƙwayoyin jinina sun yi ƙasa, alhali lafiyata lau.

Alhaji, galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jan jininsu, wannan kan sa adadin nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, ya sauka ba tare da cuta ba. A maimaita gwajin. In akwai yawan zazzaɓi, gyambon baki ko rama, kada ka jinkirta zuwa asibiti.