Hajiya, ga abin da ke faruwa wajen sauka

Hajiya, kin ce ɗanki zai bar Maradi ya tafi makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, kina tambaya me ya sa ƙananan jirage ke yin haɗari wajen sauka. Wallahi na fahimci fargabarki.

Sauka ce ta fi wa ɗalibi wuya. Jirgi irin Cessna 172 yana tunkarar ƙasa da gudun kusan kilomita 120 a awa. In gudun ya yi yawa, sai tayoyi su bugi ƙasa jirgin ya yi tsalle. Ɗalibi ya razana, ya danna hancin jirgin ƙasa, tayar gaba ta karye, farfela ta daki kwalta. Sau da yawa ƙarfe ke lalacewa, mutum ya fito lafiya. Akwai kuma iskar da ke bugowa ta gefe, ga ƙurar hunturu da ke rufe ido, kin dai san yadda take mana a nan.

Ki ja masa kunne: in saukar ta ƙi, ya ƙara wuta ya tashi, ya zagayo. Ba abin kunya ba ne. Kuma ba a barinsa shi kaɗai sai malaminsa ya gamsu. Allah ya tsare mana shi.