Tambayi Likitan Dabbobi: Ko Akwai Amfanin Kai Yara Gidan Zu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce, aji huɗu nake koyarwa. Makarantarmu ta shirya kai yara ɗan ƙaramin gidan zu da ke garinmu kafin a yi hutu, ni kuma aka ɗora wa jagorancin tafiyar. Na je na dubo wurin. Dabbobin ba su da yawa: tsohon zaki ɗaya, kuraye, birai, jimina, kadoji, kunkuru da 'yan tsuntsaye. A bakin ƙofa an kafa allo wai suna aikin kare namun daji daga ƙarewa. Ni dai abin da idona ya gani shi ne zaki yana ta kai-komo a keji, har tausayi ya kama ni. Da gaske irin wannan wuri yana kare dabbobi, ko kuɗin tikiti kawai ake nema? In kai yaran ko in ba da uzuri?
Daga wata malamar firamare

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kai su. Amma kafin ranar bari mu warware maganar allon nan, don kada ki tsaya gaban yara kina maimaita abin da ke kanki ba ki gamsu da shi ba.

Wancan tsohon zaki ba ya kare zakuna daga komai, kuma na san masu gidajen zu ba sa son jin haka. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a dazuzzukan Afirka ta Yamma kaf kimanin 400 ne, mafi yawansu a dajin da ya haɗa iyakokin Nijar da Benin da Burkina Faso. Na Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Abin da ya cinye su a bayyane yake. Gona ta ci daji. Mafarauta sun ƙarar da gwanki da ɓauna da zakin ke ci. Makiyayi kuma idan zaki ya kashe masa saniya, sai ya zuba guba a mushen, washegari a tarar da zaki da kura da ungulu duk a kwance. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da keji a tsakiyar gari zai magance. Zakin da aka haifa a keji bai iya farauta ba, kuma ya daina tsoron mutane. Sakinsa a daji ko dai shi ya mutu, ko ya kashe wani.

Amma kada wannan ya sa ki ce duk zancen kariya ƙarya ne, domin akwai dabbobin da ba don gidajen zu ba da yanzu sai dai labari. Mariri na ɗaya daga ciki, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu da a da take yawo garke-garke a bakin hamadar Nijar da Cadi. Farauta da mota da bindiga, ga fari, ga yaƙi, suka share ta, har a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu ko ɗaya da ya rage a daji. Waɗanda suka tsira suna hannun gidajen zu na Turai da Amurka da masu kiwo a ƙasashen Larabawa. Daga cikinsu aka tara garke a Abu Dhabi, a 2016 aka fara ɗauko su a jirgi zuwa gandun dajin Ouadi Rimé-Ouadi Achim da ke tsakiyar Cadi. Suka hayayyafa a can, har a ƙarshen 2023 aka cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Ɗan'uwansa na ƙasar Larabawa ma haka aka yi masa tun da farko: guda tara kacal aka tara a gidan zu na birnin Phoenix a Amurka a farkon shekarun 1960, lokacin gidan sabo ne fil bai yi suna ba, kuma jikokinsu aka saki a Oman a 1982.

Ki lura da abin da ya sa aikin ya yiwu. Kowace dabba tana da rajista: uwarta wace ce, ubanta wane ne, daga ina kakanninta suka fito. Gidajen suna musayar maza da mata tsakaninsu don kada 'yan gida ɗaya su yi ta barbarar juna har 'ya'yan su fara fitowa da nakasa ko rauni. Ba a tara su a wuri ɗaya, saboda annoba ko bala'i. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta nuna mana dalilin: hukumomin gidan zu na Sanda Kyarimi sun ce sama da kashi 80 cikin 100 na dabbobinsu sun mutu. Bayan duk wannan kuma sai an sami dajin da za a mayar da su, da masu gadinsa, da yardar mutanen da ke kiwo a kewayen. Gidan zu da ba ya cikin irin wannan haɗin gwiwa, ajiya yake yi kawai.

Wata dabbar ma ba ta bi ta gidan zu ba ko kaɗan. Raƙuman dawa na Kouré, gabas da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Yau sun haura 600, suna kiwo a tsakanin gonakin gero da wake na mutane. Har a 2018 an ɗebi takwas an kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Dokar hana farauta, da masu ja-gorar baƙi 'yan ƙauyukan, da haƙurin manoman da ake ci wa wake, su suka yi wannan aiki.

To ina gidan zu irin na garinku ya tsaya? Manyan namu ma, irin na Audu Baƙo a Kano da na Jos da aka buɗe zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, duk a farkon shekarun 1970, an gina su ne musamman don jama'a su shaƙata su kuma buɗe ido. Wannan ba laifi ba ne. Inda nake da ja shi ne kwaɗayin manyan dabbobi. Kowane ƙaramin gidan zu yana ganin bai cika ba sai ya ajiye zaki, alhali babban zaki yana buƙatar nama kilo biyar zuwa bakwai kowace rana, rani da damina, ko an sayar da tikiti ko ba a sayar ba. Ki lissafa da farashin nama a kasuwarku. Kuɗin da zai ciyar da shi rabi-rabi zai wadata tsuntsaye da kunkuru da barewa masu yawa, har a yi musu fili mai kyau. Biri ya san reshen da zai iya ɗaukarsa, ya kamata ƙaramin gidan zu ma ya san nasa.

Kuma dabbobin da zai iya taimaka wa da gaske suna nan a ƙofar gida. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, ta kusa ɓacewa daga fadamunmu, saboda an mayar da fadamun gonaki, an kuma kame ta ana sayar wa masu hali su ajiye a tsakar gida don ado. Babban kunkurun nan na sahel, wanda kan haura kilo 50, yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A ƙasar Senegal akwai wani ƙaramin wuri a Noflaye, kusa da Dakar, da babban aikinsa shi ne kiwon irin wannan kunkuru, kuma an mayar da wasu daga cikinsu dajin Ferlo. Ungulu fa? Da ina yaro ba ka zuwa mahauta ka rasa su jere a kan katanga. Yanzu sai ka shekara ba ka ga ɗaya ba. Tun 2015 aka saka ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma guba da cinikin kanta da ƙafafunta don tsubbu na cikin manyan dalilai. Waɗannan ba sa cin kilo bakwai na nama, yanayinmu nasu ne, kuma ma'aikatanmu sun san halinsu. Ga kuma wani aiki da ba a cika ambata ba: idan jami'an kwastan ko na gandun daji suka kama ɗankunya ko aku ko ɗan biri a hannun 'yan fasa-ƙwauri, dole a sami inda za a ajiye su a daren. Gidan zu mai likita da ɗakin keɓe marasa lafiya yana iya zama wannan wurin.

Game da kai-komon da kika gani, idonki bai yaudare ki ba. Dabbar da ke bin layi ɗaya, ta juya a wuri ɗaya, ta dawo, har ƙafarta ta yi hanya a ƙasa, ƙunci ne ya yi mata yawa. An taɓa kirana wani ƙaramin gidan zu in duba wata kura da ta daina cin abinci. Da muka kwantar da ita muka buɗe bakin, haƙoranta na gaba duk sun gutsure saboda cizon ƙarfen keji. Bayan magani, abin da ya fi yi mata amfani bai ci ko sisi ba. Mai kula da ita, wani dattijo da ya san dabbobinsa fiye da duk wani mai takarda a wurin, ya zuba mata yashi a kan simintin, ya jawo kututture ya yi mata maɓoya, ya daina ajiye nama a kwano, sai ya riƙa binne ƙasusuwa yau nan gobe can. Kura ta koma shinshina da tono. Cizon ƙarfen ya ragu ƙwarai.

Don haka idan kin koma, kada yawan dabbobi ya zama ma'auninki. Ki dubi ruwan sha, mai tsabta ne ko ya yi gansakuka. Ki duba ko akwai inuwa da inda dabba za ta ɓuya idan ta gaji da idon mutane. Biri ɗaya tilo a keji abin damuwa ne, don shi mai zama cikin dangi ne. Ki tambayi ma'aikaci daga ina aka samo wannan dabba. Idan ya ce an ƙwato ta ne ko a nan aka haife ta, madalla. Idan sayenta aka yi daga hannun mafarauci, to gidan zu ya zama kasuwa ga abin da allonsa ke cewa yana yaƙa. Mu kuma mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Duk wanda ya kulle dabba ya ɗauki haƙƙinta, hukuma ce ko mutum ɗaya.

Dalilin da ya sa duk da haka na ce ki kai su shi ne yaranki. Suna jin Gizo da kura da zaki a tatsuniya, suna ganin giwa a waya, amma da yawansu ba za su bambance barewa da gada ba, ba su kuma san jimina ta taɓa yawo a dazuzzukanmu ba. Ku je da safe a ranar aiki, lokacin dabbobi na da kuzari kuma babu cunkoso irin na bikin sallah. Ki raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi dabba ɗaya ya zauna ya kalle ta na minti goma, ya rubuta abin da ta yi. Kada su yi jifa, kada su tsokana da kara, kada su miƙa biskit ko alewa. Ki roƙi mai share keji ya yi musu magana, ya fi allo sani. Idan wani yaro ya tambaye ki me ya sa zakin ke zagaye, ki gaya masa gaskiya. In kun dawo, ajin ya rubuta wa shugaban gidan wasiƙa, da godiya da kuma abin da suka ga ya kamata a gyara. Wasiƙar 'yan aji huɗu tana da wuyar jefarwa a kwandon shara.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. A hanyata ta dawowa daga kudu na sayo wa yarana ɗan biri a bakin titi, don na ga yana shan wahala a hannun mai shi. Yanzu ya girma, ya ciji ƙaramar 'yata, uwargida ta ce ko shi ko ita. In kai shi gidan zu ko in sake shi a daji?
Daga wani direban babbar mota

AMSA: Malam, fara da yarinyar. Cizon biri ba a wasa da shi. Idan ba a kai ta asibiti ba a kai ta yau, a gaya wa likita biri ne ya cije ta, don a duba maganar allurar haukan kare da ta sandarewar jiki.

Kada ka sake shi a daji. Bai san abin da zai ci ba, birai ba za su karɓe shi ba, ƙarshenta ƙauye mafi kusa zai nufa ya shiga ɗakin wani. Ka je ofishin kula da gandun daji ko na likitan dabbobi na jiharku ka ba da rahoto, su za su haɗa ka da inda za a iya karɓarsa. Kada ka yi mamaki idan gidan zu ya ƙi, domin irin naka suna samu da yawa, kuma dole a keɓe shi a gwada shi tukuna, tun da tarin fuka na bi tsakanin mutane da birai. Kafin nan a nisanta shi da yara.

Na san tausayi ne ya sa ka saya. Amma uwar biri ba ta sakin ɗanta da rai, galibi sai an harbe ta ake ɓamɓare shi daga jikinta, kuma kuɗin da ka bayar shi ke sa mafaraucin ya sake komawa daji. Najeriya na da dokar hana cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma ƙara mata tsanani a 2016. In ka sake ganin irinsa a bakin titi, ka wuce, ka sanar da jami'an gandun daji na yankin.