Shirun minti ɗaya da busar ƙaho a jana'izar sojoji: daga ina suka samo asali?

Tambaya: Malam, ina rubuto maka daga Tahoua, a Jamhuriyar Nijar. Idan aka kashe mana sojoji, mukan ga an lulluɓe gawarwaki da tuta, a busa ƙaho, a yi shiru na minti ɗaya. Wannan al'adarmu ce? Kuma ina mafarin wannan yaƙi?

Amsa: Ɗan'uwa, busar ƙaho da shirun gadon sojan Faransa ne. Turawa sun kafa irin wannan tsari bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka tsagaita ranar 11 ga Nuwamba 1918, yaƙin da aka kwashi ƴan Afirka ta Yamma aka kai su fagensa. Sallar gawa da addu'a kuwa namu ne tun fil azal. Haɗa su ake yi, kuma ni ban ga laifi ba.

Haka aka yi bayan harin da aka kai sansanin soja na Inates, kusa da iyakar Mali, ranar 10 ga Disamba 2019, inda aka rasa sojoji 71. An jera gawarwakin cikin tutar ƙasa a sansanin sojin sama na Yamai, shugaban ƙasa na lokacin Issoufou Mahamadou ya halarta, aka sassauto tuta, aka yi makokin kwana uku. Ba a share hawaye ba sai ga harin sansanin Chinagodrar, shi ma a bakin iyakar Mali, ranar 9 ga Janairu 2020, sojoji 89. Bayan kwanaki kaɗan aka sauya babban hafsan sojoji.

Mafarin yaƙin yana ƙetaren iyaka. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, mayaƙa da makamai suka kwararo arewacin Mali. A 2012 ƴan tawaye da masu iƙirarin jihadi suka karɓe Kidal, Gao da Tumbutu. Faransa ta kawo sojojinta a Janairun 2013, ta kore su daga garuruwa, sai suka bazu cikin daji. Nan suka tarar da tsohon rikicin kiwo da satar shanu tsakanin makiyaya a bakin iyaka, suka shiga rigarsa suna ɗibar matasa. Reshen masu iƙirarin jihadi da Abu Walid al-Sahrawi ya kafa a 2015, wanda ya yi mubaya'a ga ƙungiyar IS mai iƙirarin kafa daular Musulunci, shi ya ɗauki alhakin Inates.

Ku mutanen jihar Tahoua kun riga Inates ɗanɗana wannan. Ranar 6 ga Oktoba 2016 aka kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, yankin Tassara, suna gadin ƴan gudun hijirar Mali. Ina ganin bai kamata a riƙa lissafin waɗanda suka kwanta dama a tsallake su ba.