Amsoshin tambayoyinku: ɗan lambu, iri da tumatirin da ya yi yawa

Wani malamin makaranta daga Bunkure ya rubuto cewa an ba shi aron fili a bakin fadama, taku ashirin tsawo da ashirin faɗi. Abokansa sun dame shi ya sayi injin ban-ruwa, ga shi kuɗin hannunsa ba su taka kara sun karya ba. Ya saya, ko ya jira?

Malam, ka jira tukuna. Fili irin wannan garwa biyu da rijiya mai ruwa sun ishe shi, safe da yamma. Akwai kuma abin da mai shago ba zai gaya maka ba: injin da ake girkawa a bakin rijiya ba ya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa fiye da mita 7 zuwa 8. A watan Nuwamba ruwan fadama na kusa, kowane inji sai ya burge ka. Ranar gwaji tana Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya ja ƙasa, zafi kuma ya kai intaha. Ka tambayi dattawan da suka daɗe a wurin inda ruwan rijiyarsu ke tsayawa da bazara. Idan aiki ya matsa, ka zuba wa maƙwabci fetur ya ba ka ruwa da injinsa. Kuɗin kuwa ka fara da shinge, ko na ƙaya ko na zana, domin akuya ɗaya tana iya cinye wahalar wata biyu kafin ka dawo daga aji. Saura ka sayi kashin awaki ko na kaji wanda ya ruɓe sosai. Ɗanye yana ƙona saiwa.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce ta matse irin wani kyakkyawan tumatir da ta saya a kasuwa ta shuka, sai ya haifi ƙanana marasa nama. Me ya faru, kuma wane iri za ta saya?

Hajiya, ba laifin hannunki ba ne. Mai yiwuwa tumatirin haɗi ne, wanda ake rubuta F1 a jikin ledar irinsa, kuma 'ya'yan irin wannan ba sa gadon uwarsu. In kina son irin da za ki riƙa ajiyewa kowace shekara, ki nemi Roma VF ko UC82B, manoman rani sun san su. Ki duba kwanan watan da ke jikin leda, kada kuma ki karɓi wadda ta wuni a rana a kan tebur. Kafin ki zuba a gadon reno, ki naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye mako guda. In ba su kai 7 suka tsiro ba, ki koma wa mai shago. Alayyahu, rama da kuɓewa kuwa irin gida ya wadatar, kada ki kashe kuɗinki.

Sai tambayar da ta fi taɓa ni, daga wata matar aure a Kura. Bara tumatirinta ya nuna gaba ɗaya a Fabrairu, kasuwa ta cika, kwando ya yi araha, ta raba wa maƙwabta har suka gaji, saura ya ruɓe. Maigidanta na shawarar su sayi firji.

'Yar'uwa, in ba ku da sola ko tsayayyiyar wuta, firji zai ƙara muku takaici ne kawai. Ki koma wa kauɗa. Na tashi na ga mahaifiyata tana raba tumatir biyu, ta barbaɗa masa ɗan gishiri, ta jera shi gefen yankan yana kallon sama a kan tabarmar da aka ɗora bisa rumfa, ta lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Da magariba ta kwashe, da safe ta mayar. Cikin mako guda ya bushe ƙamas, in kin lanƙwasa ba danshi. Kada ki shanya a ƙasa ko a bakin kwalta kamar yadda muke gani a hanya, yashin nan ne ke ɓata wa kauɗa suna. Kada ki firgita in kwando guda ya koma 'yan kwanuka, fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Ki zuba a roba mai murfi, ki ajiye a inuwa. Tattasai, attarugu da kuɓewa duk haka ake yi musu.

Amma gyaran gaske tun daga reno yake farawa. Kada ki dasa komai rana ɗaya. Ki raba irin kashi uku, ki bar mako biyu ko uku tsakanin kowane zubi, sai nunar ta zo miki daki-daki yadda tukunya da rumfa za su iya ɗauka. A gefe ki bar kunya biyu na alayyahu, wanda ake fara yanka cikin mako uku zuwa huɗu, ya riƙe miki miya kafin tumatir ya iso. Kauɗar kuma kada ki taɓa ta sai Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta sauka, ɗanyen tumatir ya yi tsada. Ki jiƙa a ruwan ɗumi rabin awa kafin ki kai niƙa.