Rigimar haihuwar Obama da dokarsa ta inshorar lafiya

Tambaya: Malam, mun yi musu mai zafi da yayana da ke zaune a Amurka. Ya ce tun farko Barack Obama bai cancanci mulki ba don ba a ƙasar aka haife shi ba, saboda haka dokar lafiyar da ya kawo ma haramtacciya ce. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, yayanka ya ɗaure magana biyu da igiya ɗaya. Ta farkon ƙarya ce tsagwaronta. An haifi Obama a Honolulu, jihar Hawayi, ranar 4 ga Agusta 1961. Mahaifinsa ɗan Kenya ne, mahaifiyarsa Ba'amurkiya ce haifaffiyar Kansas, kuma jaridu biyu na garin sun buga sanarwar haihuwarsa a cikin watan. Wa zai ƙulla wa jinjiri wannan makirci saboda zaɓen da zai zo bayan shekara 47? A Afrilun 2011 ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa, kuma Donald Trump, wanda ya fi kowa rura wutar zancen, ya amsa da bakinsa a Satumban 2016 cewa a Amurka aka haife shi. A ganina launin fatarsa da sunansa na tsakiya, Hussaini, su suka raya jita-jitar tsawon shekaru, abin kuma yana ɓata mini rai.

Maganar dokar kuwa, nan akwai saɓani na gaskiya. Kafin 2010 kamfanin inshora yana iya kallon mai ciwon sukari ko wadda ta taɓa yin kansa ya ce ba zai karɓe su ba. Dokar da ake kira Obamacare, wadda ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010, ta hana haka, ta kuma bar yaro a kan inshorar iyayensa har ya kai shekara 26. To amma idan marasa lafiya ne kaɗai za su shiga, kuɗin zai yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa aka wajabta wa kowa ya saya ko ya biya tara. Nan ne 'yan jam'iyyar adawa ta Republican suka ja daga: wace gwamnati ce za ta tilasta wa mutum sayen haja? Wannan hujja ce da ta cancanci a saurare ta, ko da yake gwamnansu Mitt Romney ya kafa makamancin tsarin a Massachusetts tun 2006.

A Majalisar Wakilai dokar ta wuce da ƙuri'a 219 kan 212, babu ɗan Republican ko ɗaya a cikin masu amincewa. A 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita, alƙalai 5 kan 4, bisa cewa tarar haraji ce. Don haka a fannin shari'a maganar haramci ta faɗi.

Obama ma yana da nasa laifin. Ya yi alkawarin duk mai son inshorarsa zai ci gaba da riƙe ta, sai ga miliyoyin mutane sun sami wasiƙar sokewa a 2013, shafin rajistar na intanet kuma ya yi ta tsayawa. Duk da haka kimanin mutum miliyan 20 sun samu inshorar da da ba su da ita.

Ka tuna wa yayanka John McCain, sanatan Republican wanda Obama ya kayar a zaɓen shugaban ƙasa na 2008. A wani taron kamfe a Minnesota wata dattijuwa ta ce ba ta yarda da Obama ba don Balarabe ne. McCain ya karɓe makirufon daga hannunta, ya girgiza kai, ya ce mutumin kirki ne, saɓanin manufa kawai ke tsakaninsu. Ya ƙi dokar a lokacin da aka kawo ta, amma a Yulin 2017, da jam'iyyarsa ta zo rushe ta cikin gaggawa, ya tako gaban zauren Majalisar Dattawa cikin dare, kwanaki kaɗan bayan an gano masa kansar ƙwaƙwalwa, ya kifar da babban yatsansa ƙasa. Ƙudurin ya faɗi, 49 kan 51. Daga baya a wannan shekarar suka soke tarar, sauran dokar kuwa tana nan.