Amsa: An aiko min da takardar zaman juri a Ingila, me zan yi?

Malam, ka ce ba ka san dalilin kiranka ba, kuma abokanka sun ce ka share takardar. Kada ka kuskura. Daga rajistar masu zaɓe aka zaƙulo sunanka, kuma kwana 7 gare ka ka mayar da amsa. Wanda ya yi biris ana iya cin sa tara har fam 1,000.

Ku 12 za ku zauna a Crown Court, wato kotun manyan laifuka, ku saurari shaidu, ku ce wanda ake tuhuma mai laifi ne ko a'a. Galibi kwana 10 ne na aiki, yawancinsu zaman jira a ɗaki ɗaya, sai ka tafi da abin karantawa.

Kuɗi ne ke korar mutane. Dole maigidanka ya sake ka, amma doka ba ta tilasta masa biyanka albashi ba, abin da kotu ke biya a madadin albashin kuma ba ya wuce fam 64.95 a rana a kwana goman farko. Direban tasi ko mai shago shi ya fi jin jiki. Wasu kuwa hotunan kisa ko fyaɗe suke gudu.

Idan ranar ta ci karo da jarrabawa ko aikin asibiti, nemi a ɗaga maka, sau ɗaya ake yarda. Kuma kada ka binciki shari'ar a intanet, hakan na iya kai ka gidan yari na shekara 2.